Kofunan Inna a Kan Falwaya

Aikin farko da na yi wa gwamnati, wanda kuma shi ne na ƙarshe, duba waya ne. Turawa na nan a lokacin, ni kuwa aurena bai wuce shekara biyu ba, muna zaune a wani ƙauye kusa da Likoro inda ake jin kukan jirgin Kano tun kafin ya ƙaraso tasha. Wayar tangaraho tana bin gefen layin dogo a kan turakun ƙarfe da muke ce wa falwaya, rabona kuwa daga tashar Likoro zuwa wajen Gimi. In fita da safe in bi layi a ƙasa, kaina a sama, ina duba ko waya ta tsinke ko reshe ya kwanta mata. An ba ni kaki da bel na hawa da filaya. Kakin ya yi mini yawa, amma ranar kasuwar Makarfi da shi nake zuwa ko ba aiki, in bar filaya tana leƙowa daga aljihu don wanda bai sani ba ya sani.

Helmanmu, wato shugabanmu a wurin aiki, wani dattijo ne Banufe da ya yi furfura a kan falwaya. Ranar da aka ɗauke ni ya tsayar da ni a gindin turke ya nuna mini sama. A kan kowane turke akwai hannun ƙarfe a gicciye, a kan hannun akwai ƙusoshi masu zare, a kan kowace ƙusa an kifa wani farin kofi na tangaran, waya kuma tana ɗaure a wuyan kofin.

Ya ce, "Ka ga kofin nan? Shi ne aikinka. Abin da ke gudu cikin waya ba magana ba ce, lantarki ne. Shi kuwa malalaci ne, ba ya son zuwa Kano, ba ya son zuwa Zariya. Burinsa kawai ya sami hanya ya sauka ƙasa ya kwanta. Ƙarfe hanya ce a wurinsa, jiƙaƙƙen abu hanya ce, kai ma in ka yi gumi hanya ce. Tangaran ne ba ya iya ratsawa. To ko shi ma, in ya yi datti ya jiƙe, sai lantarki ya bi ta bayansa yana silalewa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa aka yi wa kofin zurfi ta ƙasa, don ko ana ruwa cikinsa ya zauna a bushe."

Na ce, "Baba, shi tangaran ɗin da me ake yin sa?"

Ya ce, "Ƙasa ce aka gasa."

Duk dogon karatun da ya yi mini, wannan guntun ne ya zauna a kaina daram. Sauran na bar shi nan gindin turke.

Zurfin nan na cikin kofi shi ya jawo mini. Zanzaro ya ɗauka Turawa ɗaki suka gina masa, sai ya yi ta kai laka yana liƙewa, mu kuma dole mu hau mu kankare da tsinke. Zanzaro ba shi da faɗa, in ka rushe masa gida sai ya koma ɗibar laka. Rina ce ba ta da mutunci. Wata rana na hau turke, na ɗaure kaina da bel tamau yadda doka ta ce, na zura tsinke cikin kofi, ashe masu gida na ciki. Mutumin da ya ɗaure kansa a saman ƙarfe ba shi da wurin gudu. Kafin in kwance bel sun gama da ni. Da na isa gida matata ta dube ni, ta ce sannu, ta shige ɗaki, ina jin ta tana dariya cikin zane.

Daga ranar na yi wa kaina alkawari ba zan sake kai fuskata kusa da kofi ba sai na tabbata ba kowa a ciki. Duwatsun layin dogo ga su nan zube, daidai hannu, ni kuwa tun ina yaro gwani ne a jifa, kanya da tsamiyar garinmu sun shaida. Nufina in daki hannun ƙarfen, rina ta watse, sannan in hau. Sai dai hannun da ya saba kaɗo kanya ba ya kuskure abin da ido ke kallo, idona kuwa kofi yake kallo. Cikin mako guda na fasa huɗu.

A makon ne helma ya tara mu a tasha ya ce ana yaƙi a ƙasar Turawa, jiragen ruwa sun daina kawo kaya, ba sauran kofi ko ɗaya a sito. Duk wanda aka sami kofi uku a fashe a rabonsa, ya ajiye kaki. Na tsaya ina gyaɗa kai tare da kowa, har ina cewa ai gaskiya ne, sakaci ya yi yawa. 

Na gaya wa matata da rana muna zaune, na ce ta rufa mini asiri. Ta rufa har zuwa la'asar, sannan ta tafi gidansu.

Surukata, wadda nake kira Inna kamar yadda 'yarta ke kiran ta, maginiyar tukwane ce. Daga Kudan har Dandamisa an san randarta, ruwa in ya kwana a ciki sai ya ƙwaƙule wa mutum haƙori don sanyi. Tsakanina da ita akwai kunya irin ta da, ba irin ta yanzu da suruki ke zama ya ci tuwo gaban uwar matarsa har ya nemi ƙari ba. Tun daga zaure nake cire takalmi. In durƙusa nesa, fuskata wajen rumbu, in yi gaisuwa ga rumbun, ita kuma ta amsa wa tukunyar da take ginawa. In akwai magana, sai ta bi ta kan matata, wadda ita ce autarta, ko da kuwa tsakanina da Inna bai fi taku uku ba.

Washegari aka kira ni. Bayan mun gama gaisuwa ni da rumbu, Inna ta ce da 'yarta, "Ki ce da mutumin nan ya kawo mini ɗaya in gani, da ƙusar da ake kifa shi a kai."

Matata ta juyo ta ce, "Malam, wai ka kawo ɗaya ta gani."

Na ce, "Ki ce mata to."

Na kawo wanda ya rabe biyu, da wata tsohuwar ƙusa da na kwance daga turken da aka daina amfani da shi. Ta jujjuya kofin, ta ƙwanƙwasa shi da farce, ta ɗan lasa, ta taɓe baki. Ta ce da 'yarta, "Wannan ai kaskon turare ne aka kifa. A kan wannan za a kori mutum daga aiki?"

Ban taɓa ganin aiki irin wanda ta yi ba, kuma har yau ina faɗa. Ta zaɓi yumɓu mai laushi ta tace shi, ta gina kofin da wuyansa da zurfinsa, ta murɗa ƙusar a ciki tun yana ɗanye don zaren ya fito, ta ɗan ƙara masa girma saboda ta san wuta za ta rage. Ta yi guda huɗu, ta gasa su tare da tukwanenta, ta shafe su da farar ƙasa, ta goge da dutsen guga har suna ɗaukar ido. In ka riƙe a hannu ka san na Inna ne. In yana saman falwaya kana ƙasa, ko helma sai ya rantse daga Ingila ya zo. Ni kuwa zuciyata na ta nanata mini, ai ƙasa ce aka gasa.

Tsakiyar rani ne na ɗaura su, lokacin da ko yawu ka tofar kafin ya kai ƙasa ya bushe. Na gama na nufi tasha, na laɓe jikin taga. Injin akawun waya na ta ƙwas-ƙwas abinsa, akawu na rubutu yana hamma. Busasshen yumɓu ya tare lantarki kamar yadda tangaran ke tarewa, ko ɗigo bai zuba ba. Na koma gida ina jin kaina wani ƙaramin injiniya.

Da mai hankali ne ni, da nan na tsaya. Sai na ga tunda akwai sito a gidan surukai, me zai sa in sake haɗa fuska da rina? Na koma jifa. Kafin rani ya fita kofunan Inna tara ne a kan layi.

Ita kuwa ta sauya hanyar kasuwa. Ta bar turbar da kowa ke bi zuwa Makarfi ta koma bin gefen dogo, randa a ka, duk da zagaye ne. Ta san turakunta ɗaya bayan ɗaya, in ta iso gindin kowanne sai ta tsaya ta ɗaga ido gwargwadon yadda kaya suka bari. Ta gaya wa abokan tafiyarta cewa maganar Gwamna in za ta je Kano a kan aikin hannunta take hutawa. Na roƙa ta bakin matata a riƙe sirri, aka kuwa riƙe: duk macen da ke tsakanin Likoro da Gimi ta sani, ba namijin reluwe ko ɗaya da ya ji.

Sai damina ta faɗi. Bayan ruwa na biyu akawun waya, wani mutumin kudu mai tabarau, ya kira ni ta taga. Ya ce, "Mai waya, wayarka tana zazzaɓi. In an yi ruwa, Kano sai ta yi magana kamar daga cikin rijiya. Rana ta fito kwana biyu, ta warke. Na ƙara batir, na sake ƙarawa, babu."

Na ce wataƙila reshe ne. Ya ce reshen da ke zuwa da ruwa ya tafi da rana, shi bai taɓa gani ba. A makon nan jirgi ya tsaya a Likoro tun hantsi har azahar saboda an kasa jin ko Gimi ta ba da hanya. Fasinjoji suka sauko suka cinye duk dafaffen rogon da ke garin, masu talla suna ta sa wa wayar albarka.

Ranar da aka yi ruwan safe na hau ɗaya daga cikin turakun Inna. Farar ƙasa ta wanke, ta zubo a jikin ƙarfe. Kofin ya koma ja, ya yi duhu, ya sha ruwa ya ƙoshi. Na dafa shi da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da ƙarfe, sai na ji wani abu ya tsarga mini daga yatsu har gwiwar hannu, yana cizo yana saki daidai da bugun akawu. Saƙon gwamnati ne ke bi ta jikina yana gangarawa ƙasa. A nan sauran karatun helma ya dawo mini, kalma bayan kalma. Kofin ya yi sanyi ƙalau, irin sanyin randar Inna, sai na gane. Abin da ya sa randarta ta fi ta kowa shi ne tana shan ruwa tana gumi ta jikinta. Tangaran an rufe masa jiki da wata fata mai kama da gilashi, ruwa ba ya shiga. Nata kuwa duk jikinsa ƙananan ƙofofi ne, rani ya rufe su da bushewa, damina ta buɗe.

To wa zai gaya wa Inna? Ka ce wa maginiya aikinta na yoyo, gara ka zage ta a kasuwa. Balle suruki, wanda ko sunanta bai taɓa furtawa ba. Na ce da matata, "Kofunan nan suna shan ruwa, lantarki na zurarewa ta cikinsu, za su sa a kore ni." Matata ta auna maganar ta ga ta yi mata nauyi, ta sauke rabi a hanya. Abin da ya isa kunnen Inna shi ne, kofuna na shan dukan ruwa a sama, abin tausayi.

Inna ta ce, "Allah sarki. Ai laifina ne. Wa ke barin abu a fili da damina ba rufi?"

Bayan kwana huɗu matata ta shigo da kwando. A ciki akwai 'yan malafu tara, saƙar kaba irin ta faifai, kowace da igiyar rama ta ɗaurewa. Kuma da yake Inna ba ta yin aiki fari fat kamar na marowaci, ta sa musu zane ja da kore, da ɗan tuntu a tsakiya.

Na daɗe ina kallon su. Na san shirme ne, ko ban sani duka ba na san rabi. Amma jibi kasuwar Makarfi, Inna za ta bi layi tana ɗaga ido, in ba ta gan su ba za ta tambayi 'yarta, 'yarta ta tambaye ni, ni kuma ba ni da amsar da za ta iya bi ta bakin matata ta isa da rai. Na kuma ce a raina wa ya sani, wataƙila su yi amfani. Na hau na sa wa kowane kofi malafarsa, gefenta na kwance a kan waya, na ɗaure igiyar a hannun ƙarfe don kada iska ta ɗauke. Wato da hannuna na shimfiɗa wa lantarki jiƙaƙƙiyar igiya daga waya zuwa turke. Ruwan da ya biyo baya, Kano ba ta ma shiga rijiya ba, ɗif ta yi.

Aka aiko Baturen injiniya daga Zariya. Suka zo a turoli, ɗan keken nan na kan dogo da lebura ke turawa, shi da helma, da wani akwati mai allura da ake auna inda waya ke yoyo. Ni ina biye a ƙasa. Helma na cikin bayanin yadda za su auna turke-turke, ko da zai ɗauki kwana uku, sai Bature ya ɗaga hannu aka tsaya. Daga nan inda muke ana hango su a jere har wajen gada, turaku tara sanye da malafa, tuntaye na kaɗawa. Akwatin nan ko buɗe shi ba a yi ba.

Aka ce in hau in sauko da ɗaya. Na sauko da shi da malafarsa na miƙa. Bature ya jujjuya, ya duba zaren ciki, ya matsa shi a tafin hannu ya ga danshi, sai dariya ta kama shi har ya zauna a bakin turoli, fuskarsa ta yi ja. Na fara murmushi ina zaton na tsira. Helma bai yi dariya ba.

Da Bature ya share hawaye ya yi magana, helma na fassarawa. Taɓa wayar gwamnati laifi ne. In wani mutumin gari ne ya yi waɗannan ya ba ni, a faɗi sunansa a kai shi gaban alƙali a Makarfi, ni a yi mini gargaɗi in ci gaba da aiki, don ma'aikata sun yi ƙaranci. In kuwa ni na yi da kaina, to na san doka na take, sai in ajiye kaya. Helma ya ƙara nasa a hankali, wanda ba Bature ya faɗa ba: "Ɗana, faɗi mai tukwanen. Tara kaɗan za a ci shi, a yi masa faɗa, shi ke nan. Kada ka yi wauta."

A gonar gefen layi akwai mata suna cirar ciyawa. Duk sun miƙe tsaye, kuma ba wadda ba ta san amsar ba. Ni ina son aikin nan, ba zan ɓoye ba. Ina son kakin, ina son yadda ake ce mini mai waya, ina son tafiyar safe ni kaɗai a bakin dogo. Bakina har ya buɗe. Sai na hango Inna durƙushe a zauren alƙali, dogari na kiran sunanta da ƙarfi gaban maza, ana ɗaga kofinta ana gaya wa jama'a yana yoyo.

Na ce, "Ni na yi, ranka ya daɗe."

Helma ya dubi hannuwana, ya dube ni. Ya san ko kaskon suya ba zan iya ginawa ba. Ya ce, "Har malafun?"

Na ce, "Har su."

Ya juya ya fassara. Bature ya ce mutum mai hannu irin wannan ɓata shi ake yi a aikin waya, ya koma ginin tukwane zai fi samu. Ya sa kofin da malafarsa cikin jakarsa ya ce zai ajiye a teburinsa. Na kwance bel na miƙa, na ba da filaya. Kakin aka ce in kawo gobe, tunda ba a tuɓe mutum a bakin hanya.

Na yi kuka a hanyar gida, sosai, irin na mai gemu da ya tabbata ba mai ganin sa. Ban ji na yi wata bajinta ba. Haushin rina nake ji, da na Inna, da na matata, sai da na kusa gari sannan haushin ya iso kan mai jifan.

Na ce da matata ta gaya wa Inna an rage ma'aikata saboda yaƙi. Wannan karon ta kai saƙo yadda aka ba ta. Amma labarin zuwan Bature ya riga mu isa, da yamma aka kira ni. Na cire takalmi, na durƙusa, na gai da rumbu.

Inna ta yi jaje, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, gona ma aiki ce. Sannan ta ce da 'yarta, "Ki tambaye shi, an ce Bature ya ga aikina."

Na ce, "Ki ce mata ya gani. Ya yaba hannun da ya yi. Ya ma ɗauki ɗaya ya tafi da shi Zariya, zai sa a teburinsa." Ban yi ƙarya ko ɗaya a ciki ba.

Na ji hannunta ya tsaya a kan tukunya. Ta ce, "Wanne ya ɗauka?"

"Na turken farko, kafin gada."

Ta ce, "Ash. Wannan ne bakinsa ya ɗan karkace a wuta. Duk cikin tara ya rasa wanda zai ɗauka sai shi. Yanzu a Zariya za a ce haka muke aiki." Sannan ta ce da 'yarta, "Ki ce da mutumin nan, in ya san wani mai zuwa can, zan gina wani mai kyau a kai a musanya."

Na ce to. Ta gina shi kuwa, ta goge, ta naɗe a tsumma ta ba matata. Shekara goma sha ɗaya ta yi a duniya bayan haka, ni ina noma dawa, kuma duk bayan 'yan watanni sai ta tambayi 'yarta ko an sami mai zuwa Zariya. Kowane lokaci ina durƙushe ina kallon rumbu nake cewa a gaya mata ana nan ana nema.